Jinin da Na Ɓoye wa Amarya

Kududdufin da ke bayan gidanmu a Gwammaja yanzu babu shi. An cike shi da shara da ƙasa, an jera shaguna a kansa, mai cajin waya a nan, mai sayar da katifa a can. Duk ranar da aka wuce da ni ta wurin a mota sai na leƙa, a ce, "Hajiya, me kike nema?" In ce ba komai. Yo me zan ce? Ruwan da ke ƙarƙashin shagon katifar nan shi ya biyo ni har tsufana ya kusa kai ni kabari, ni kuma na taya shi da bakina da na kulle. Kunya ce ta hana ni magana, kuma ko yanzu da nake ba da labarin ba ta sake ni ba.

A zamaninmu iyayenmu mata ba sa fita, saboda haka duk aikin da ke cin ruwa a kanmu yake, mu 'yan mata ƙanana. Da hantsi za ka ga mun jero, kowa da ƙullin wanki a ka da curin sabulun salo a hannu, wata kuma da tukwanen da za ta dirje da toka. Ruwan kore ne shar, kainuwa ta rufe rabinsa, sai ka ture ta da hannu kafin ka ɗiba. Kwaɗi na ta kuka, daga cikin gidaje ana jiyo luguden masu daka, a ɗaya gefen magina suna cuɗa ƙasa da ƙafa, don daga ramin nan aka haƙi ƙasar da ta gina rabin unguwar. An hana mu shiga ciki, amma wa zai tsaya a bakin ruwa rana na dukansa? Mukan ɗaure zani a ƙirji mu faɗa, mu tsinto 'yan ƙananan dodon koɗi mu tara a gefen zani muna wasa da su. Yaran yanzu ko ruwan leda ne sai an duba wa ya yi shi kafin su sha. Mu kuwa ruwan da muka wanke tukunya da shi, da shi muke kurkure baki, ba wanda ya ce mana ƙala.

Maza kam wuni suke a ciki. Kusan duk yaron da ya tasa a unguwar yana da tsargiya, wato in ya yi fitsari sai jini ya biyo baya. Ba wanda ya ɗauke ta ciwo. Manya ma cewa suke yi alamar girma ce, yaro ya fara zama namiji. Yayana wanda nake bi, ranar da ya ga tasa har da tsalle. Shi da abokansa sukan jeru a jikin wani kango su yi gasa a ga na wa ya fi ja, wanda nasa ya fito fari kuwa ya shiga uku da tsokana. Ni ina gefe riƙe da rigunansu ina jin haushin an bar ni a baya, don duk abin da Yaya ya yi a duniya sai na so in yi.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin ina famfarar haƙori, na tsuguna a bayan ɗaki sai na ga ja a ƙasa. Daɗi ya kama ni. Na kwasa a guje sai zaure, inda Baba ke zaune da baƙinsa, abokan kasuwancinsa da limamin unguwa, an ajiye musu fura. Ko sallama ban yi ba.

"Baba! Baba! Ni ma na zama namiji irin su Yaya! Fitsarina ya yi ja!"

Baƙin suka dubi juna. Can wani ya tuntsire da dariya har fura ta sarƙe shi, sauran suka taya shi. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Baba bai yi dariya ba, bai ma dube ni ba. Ya ɗaga murya ya ce a zo a ɗauke yarinyar nan daga gabansa.

Gwaggo ce ta zo, yayar Baba, wadda ta dawo gidanmu da zama bayan rasuwar mijinta, kuma ita ke riƙona. Da kunne ta ja ni har ɗakinta. Aka kira Inna da wata tsohuwar maƙwabciya, aka saki asabari, aka kwance mini zani aka dudduba ni. Suka yi ta yi mini tambayoyin da ban gane ba sai da na girma: wa ya kira ni kango, wa ya ba ni alewa, wa na bi. Da suka tabbata tsargiya ce kawai, sai tsoron da ke fuskar Gwaggo ya koma fushi. Ta kama haɓata ta ɗago.

"Ke 'yar nan, buɗe kunnenki ki ji. Namiji in ya yi, ado ne. Ke in kin yi, abin kunya ne. Abin da ke tsakanin cibiyarki da gwiwarki, daga ke sai Allahn da ya halicce ki. Ko mutuwa za ki yi, ki mutu bakinki a rufe. Kin ji ni?"

Na ce na ji. Aka hana ni zuwa kududdufi, aka yi ta ɗura mini wani jiƙo mai ɗaci, jinin ya yi ta zuwa yana ɗaukewa har na daina ganinsa, ko kuma na daina kula. Amma labarin ya riga ya fita daga zaure. Har na isa aure, in na wuce majalisar samari sai in ji an ce, "Ga Namiji nan, ku matsa." Tsofaffi ma in sun zo gidanmu sai su ce, "Wannan ce mai albishir ɗin nan?" Ban san sau nawa na yi kuka a bayan rumbu ba. Kuma ba na zargin Gwaggo, Allah ya ji ƙanta. Abin da aka koya mata ta koya mini, ni kuma na zama ɗaliba mai hazaƙa. Duk haihuwar da na yi ba wanda ya ji nishina sai dai kukan jariri, mata suna yabona, ni kuma kaina yana ƙara girma.

Da 'ya'ya suka yi yawa na kama sana'ar rini a gida. Ba irin na marina da ake yi da shuɗin baba ba, na zamani, garin kala da ake sayowa a kasuwa a haɗa da soda a tafasa a rabin duro. Shekaru masu yawa ina tsaye a kan tururin nan ina juya shadda, warinsa na shaƙe maƙogwaro, hannuwana yau shuɗi gobe ja. Safar hannu? Cewa nake yi ta ragwaye ce, tana hana mutum jin laushin yadi. Da wannan sana'a na aurar da 'ya'yana mata na kuma je Makka, ba zan zage ta ba. A cikin shekarun nan ne Yaya ya rasu, ko furfurar kirki bai yi ba. An ce ciwon mara ne, wasu suka ce sammu. Ranar sadakar uku matarsa ta raɗa mini cewa ya daɗe yana fitsarin jini, yana ce mata tsargiyarsa ce ta yarinta take gaishe shi. Har ga Allah haushinta na ji da ta faɗi irin wannan magana a kan mamaci.

Duk tsawon rayuwata masai na sani, rami mai duhu da murfin kasko, abin da ya shiga ya shiga ke nan. Sai ga babban ɗana, wanda nake zaune a gidansa tun rasuwar mahaifinsu, ya ce gwiwoyina sun gaji da tsuguno. Ya sa aka fasa bango aka yi mini banɗaki a cikin ɗaki, tayil fari tas har sama, da abin zama na tangaran da ya fi kwanon cin abincinmu na da haske. Na yi ta mita, na ce wa ya taɓa ganin an kwana da masai a ɗaki ɗaya. Ba shi na yi wa mitar ba, matarsa na yi wa, don shi ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba ma doguwar hira, in ya shigo gaishe ni kaina na gefe nake amsawa. Ita kuwa matar tasa har yau Amarya nake ce mata, ko da yake ta kusa aurar da 'ya.

A cikin farin tangaran ɗin nan na fara gani. Wata safiya na miƙe sai na ga ruwan ya yi kalar ruwan da aka wanke nama. Babu zafi, babu ciwo, babu komai. Na tsaya riƙe da buta gabana na faɗuwa, kuma abin da ya fara zuwa raina shi ne al'ada ce ta dawo. Ni da na manta da ita tun jikata ta fari tana goye! Na ji kamar an kama ni da laifi. Tsohuwa da furfura har gira, a ce tana fashin salla tare da jikokinta? Na kora ruwa, na sake korawa, na ɗauki tsintsiya na wanke wurin da babu abin da ya taɓa shi. Daga ranar na hana Amarya wanke mini banɗaki, na ce ba ta iya ba, tana barin santsi. Baiwar Allah ta ba ni haƙuri a kan laifin da ba ta yi ba.

Sai kuma maganar salla. In al'ada ce, ba halin in yi. In ban yi ba, gida zai gane, don ni ce mai tashin kowa. Saboda haka in an kira salla sai in ɗauki buta a gaban kowa in shiga ɗaki, in turo ƙofa, in shimfiɗa darduma in zauna a gefenta. In na ƙiyasta an idar sai in ɗaga murya in yi sallama yadda za a ji daga tsakar gida. Wannan kam ko yanzu in na tuna sai in ji zufa ta keto mini. Na yi wa mutane wasa da salla don kar su san jikina.

Da abin ya ishe ni na je wurin malamarmu ta Islamiyyar tsofaffi, yarinya ce sa'ar 'yata ta biyu, mai haƙuri da mu. Na jira kowa ya watse.

"Malama, wata maƙwabciyata ce ta aiko ni da tambaya. Tsohuwa ce kamar ni, sai ga jini ya dawo mata. Ya maganar sallarta?"

"Hajiya, mace in ta kai waɗannan shekarun, jinin da ta gani ba na al'ada ba ne, na ciwo ne. Ta yi tsarki ta yi sallarta, ta rama waɗanda ta bari." Ta gyara littattafanta. "Shi kaɗai yake zuwa, ko tare da fitsari?"

"Da fitsari... in ji ta."

"To don Allah ki ce mata ta je asibiti, kar ta bari a kwana biyu. Ko ba ya mata zafi. Ki ce mata ni na roƙe ta, in ma tana jin nauyi ni zan raka ta."

Ta faɗi haka tana kallon hannuna, ba fuskata ba, na kuwa san ta gane. Na ɗauki rabin maganarta na zubar da rabi. Na koma salla da murnata, asibiti kuwa na ce sai wani jiƙon. Kwatsam sai jinin ya ɗauke da kansa, fitsari ya koma fari, na ce alhamdu lillahi, ashe zafi ne ya yi mini yawa. Da Malama ta tambaye ni jikin maƙwabciya na ce ta warke sarai.

Ashe haka ciwon yake, ya zo ya tafi ya sake dawowa. Bayan wasu watanni ya dawo, wannan karon ja sosai kamar zoɓo, wani lokaci da 'yan gudaji. Fitsari ya riƙa matsa mini a kai a kai, in na je kuma ɗan kaɗan ne, da raɗaɗi. Marata ta yi nauyi, bayana ta gefe ɗaya yana ciwo. Na aika kemis aka sayo mini maganin sanyi, na sha jiƙe-jiƙe har na rasa na wa ke aiki. Alwala ta daina zama. Na daina zuwa biki da suna, don ba zan yi ta tambayar makewayi a gidan mutane ba. Na daina zuwa Islamiyya, rabi saboda fitsari rabi saboda idon Malama. Zannuwana suka fara yi mini yawa. 'Ya'yana mata suna aure a wasu garuruwa, in sun bugo waya sai in ce lafiya lau, don ban ga yadda za a yi wannan magana ta bi ta cikin waya ba. Amarya ta yi tambaya har ta gaji.

"Hajiya, wallahi kin rame. Ko dai mu je a duba ki?"

"Tsufa ne. Ke ma yana nan tafe, ki ajiye tausayinki zai yi miki amfani."

Ranar da asirina ya tonu, da hantsi ne. Fitsarin ya tsaya cak. Mara ta cika ta yi tauri, ina jin sa amma ko ɗigo ya ƙi fita. Na yi ta safa da marwa tsakanin gado da banɗaki har ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zube a kan tayil. Nan Amarya ta same ni. Ta ga zanina, ta ga abin da ke cikin tangaran ɗin tun na asuba, wanda ban samu korawa ba. Ta dafe ƙirji.

"Inna lillahi! Hajiya, tun yaushe?"

"Rufa mini asiri, kar ki gaya wa mijinki."

"Wallahi sai na faɗa. Ki yi fushi da ni, ki yi mini baki ma in kin ga dama, amma yau sai asibiti."

Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa musa mini ba sai ranar. Ɗan nawa da kansa ya ɗauke ni cak ya sa a mota. Na rufe fuskata da mayafi tun daga ƙofar gida har muka isa.

A asibiti aka sa mini roba aka zuƙe fitsarin, na ji kamar an sauke mini dutse. Aka yi hoton mara, daga baya aka zura wani siririn abu mai fitila aka leƙa cikin mafitsarar, aka ɗebo ɗan nama aka kai gwaji. Likitan namiji ne, yaro, na tabbata na girmi uwarsa. Ranar da sakamako ya fito ya zaunar da mu, ni da Amarya a gabansa, ɗana yana tsaye a bakin ƙofa.

"Mama, kina shan sigari, ko kin taɓa sha?"

"A'uzu billahi! Ni?"

"Yi haƙuri, kowa muke tambaya, don ita ce kan gaba wajen jawo irin wannan ciwon. Wace sana'a kika yi?"

Na ce rini. Ya tambayi irin kalar da yadda nake haɗawa, ya gyaɗa kai, ya ce wasu sinadaran rinin in an daɗe ana shaƙa ana taɓawa suna taruwa su cutar da mafitsara. Sai ya ce, "Da kina yarinya kin yi wanka a kududdufi? Kin taɓa yin tsargiya?"

Na dubi ƙasa. Tsohuwa da ni, sai ga ni na koma yarinyar nan mai famfara. Da ƙyar na ce, "Na yi."

Ya ce tsargiya ba ado ba ce, tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗin ruwa ta shiga ta fata, ta zuba ƙwai a bangon mafitsara. In ba a sha maganinta ba, ƙwan na nan yana cin wurin shekara da shekaru, a wasu mutanen har ya rikiɗe ya zama daji. Maganin kuwa 'yan ƙwayoyi ne. Yana magana ina tuna Yaya a jikin kango yana tsalle.

"Mama, ciwon daji ne a mafitsararki. Ba duk jini a fitsari ne daji ba, yana iya zama tsakuwa ko ƙwayar cuta. Amma ko sau ɗaya mutum ya gani, ko babu zafi, ko ya ɗauke da kansa, a zo a duba, balle ga mai shekaru. Yaushe kika fara gani?"

Na so in ce kwanan nan. Amarya ta dube ni, na san ta tuna ranar da na kore ta daga banɗaki. Na faɗi gaskiya, na ce azumi biyu ke nan. Daga bakin ƙofa na ji ɗana ya ja numfashi. Likitan bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi da a farkon ne, ta yiwu da kankare shi kawai za a yi ta ciki a bar mini mafitsarata. Yanzu ya shiga cikin bangonta, sai dai a cire ta gaba ɗaya.

Aka yi tiyata, Allah ya sa da sauran kwana. Aka buɗe mini wata 'yar ƙofa a gefen ciki, ƙasa da cibiya, aka manna jakar roba, nan fitsari ke taruwa dare da rana ba tare da ya nemi izinina ba. Malama ta zo dubiya ta ce sallata na nan daram, lalura ce. Har yanzu ina komawa asibiti ana dubawa, ba su ce ya tafi ke nan ba, ni ma ban tambaya ba.

Da muka dawo gida, Amarya ce ke canja jakar. Matar da na ɓoye wa ɗigon jini, ita ce yanzu take ɗage mini riga, ta ɓare robar, ta goge wurin da ruwan ɗumi, ta manna sabuwa. Duk lokacin da ta zo da ƙaramar robarta da auduga sai in juya fuskata bango in rufe ido, hawaye na bin kunnena. Ba ta taɓa yamutsa fuska ba, wannan ma ya fi komai ƙona mini rai. Makonni muna haka, ban taɓa ganin wurin ba.

Wata safiya ta ɓare tsohuwar jakar, sai na ji ta tsaya. Na jira, ba ta ci gaba ba.

"Hajiya, juyo."

"Yi abinki ki gama, Amarya."

"Ba zan gama ba. Nas ta ce in wurin ya canja kala ko ya kumbura, ke ya kamata ki fara sani. In na yi tafiya fa? In na kwanta ciwo fa? Haka za ki sake zama ki yi shiru?" Ta dafa kafaɗata. "Ni ba ƙyamarki nake ba, wallahi. Tsoro nake ji. Juyo ki gani, jikinki ne."

Na daɗe ina kallon bangon. Sannan na juyo, na sunkuyar da kai na duba. Ɗan abu ne ja, mai laima, bai fi bakin kwalba ba. Ina cikin kallo sai ga ɗigon fitsari ya fito, fari tas, ya gangaro a kan fatata. Kunya ta rufe ni har na ji kunnuwana sun yi zafi, amma ban kau da kai ba.

Ta miƙo mini audugar. Na karɓa.

"Ta ina ake farawa?" na ce.